Kajin da suka ƙi hawa tsanin akurki: a fara duba katakon kafin a zargi kaza

Ana yin akurki mai ƙafafu a gidajen Katsina, kuma dalilinsa a fili yake. Idan ruwan Agusta ya kwanta a tsakar gida ba ya kai wa kaji, ɓera da gafiya da tunku ba sa samun shiga cikin sauƙi, kashi yana zubowa ƙasa a kwashe a kai gona, ƙarƙashinsa kuma ya zama inuwa da rana. Matsalar tana bayyana ne a daren farko. An biya kafinta ko mai walda, an jingina tsani a bakin ƙofa, magariba ta yi, sai ga kaji sun cure a ƙarƙashin akurkin ko a lungun katanga, ko ɗaya ba ta hau ba. Daga nan sai a riƙa tura yara suna kamo su ɗaya bayan ɗaya suna cusawa ciki, wani gidan har wata guda ana wannan aiki kullum.

Kaza ba taurin kai take yi ba. Halitta ce mai son kwana a sama, domin can ne take jin ta tsira daga abin da ke yawo da dare. In ta ƙi hawa, to ko dai tsanin ne bai yi wa ƙafarta ba, ko ba ta san cewa can ne ɗakinta ba, ko kuma akwai abin da take gudu a ciki. Sau da yawa na farkon ne. Shi ya sa ba na son a fara maganar koyarwa sai an gyara katakon, don duk geron da za a barbaɗa ba zai sa kaza ta amince da abin da ke zamar da ita ba.

Abu na farko shi ne miƙewar tsanin. Kafintoci da yawa suna yanka gajeren katako don tsimi, sai ya tsaya kusan a tsaye. Lissafin ba shi da wuya: tsawon katako ya ninka tsayin ƙofa daga ƙasa sau biyu. Idan ƙofar tana ƙafa 2 daga ƙasa, katako ya zama ƙafa 4. Idan ƙafa 3 ce, ya zama ƙafa 6. Wannan yana ba da kwanciyar digiri 30, wadda kaza babba da ƙarama za su taka a natse. Za a iya rage shi zuwa ninki ɗaya da rabi, wato kusan digiri 42, amma nan ne iyaka, kuma sai an matso da matakai kusa da juna. Abin da ya wuce digiri 45, kajin Hausa marasa nauyi ne kawai za su jure, su ma da fiffike suke taimaka wa kansu.

Gidajen cikin gari irin na Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa ba kowane ke da filin da katako mai ƙafa 6 zai miƙe ba. Maganinsa bulo ne. A aza gindin tsanin a kan bulo mai inci 9, kaza ta yi ɗan tsalle ta hau bulon, sannan ta kama katako. Ƙofa mai ƙafa 3 ta koma saura inci 27 ke nan, katako mai ƙafa 4 da rabi ya wadatar. Bulon yana da wani amfanin: yana raba katako da ƙasa, gara ba ta samun hawa da wuri, damshin damina kuma ba ya ruɓar da gindin. In wurin ya fi haka matsi, sai a karya tsanin gida biyu, a yi ɗan dandamali mai ƙafa 1 kowane gefe a tsakiya, rabin farko ya bi jikin akurki, na biyu ya juyo ya nufi ƙofa.

Faɗi kada ya gaza inci 8, wato kimanin taƙi guda. Inci 10 zuwa 12 ya fi, musamman ga manyan kaji irin su Noiler da zakaru masu nauyi, domin kaza takan tsaya a tsakiya ta juya, in ba wuri sai ta faɗo, kuma wadda ta faɗo sau biyu da wuya ta sake gwadawa a ranar. Katakon nan na kasuwa mai kaurin inci 1 da faɗin inci 12 ya yi daidai. Ba a so a goge shi ya yi sumul, kaushinsa na daga cikin amfaninsa, sai dai a kankare sartsen da zai soki ƙafa.

Sai matakai, wato 'yan sandunan da ake bugawa a gicciye. Nan ne aka fi yin kuskure. Kauri rabin inci zuwa inci uku bisa huɗu ya isa. Wanda ya yi kauri da yawa yana zama shinge ga ƙananan kaji, wanda ya yi siriri kuma ƙafa ba ta kama shi. Tazarar da ke tsakaninsu inci 3 zuwa 4, kimanin faɗin yatsu huɗu. A katako mai ƙafa 4 za a buga 12 zuwa 15. Idan aka ga kafinta ya buga guda huɗu ko biyar kacal, a mayar masa, don a tsakanin mataki da mataki kaza za ta riƙa zamewa, farcenta na karce katako, tana buɗe fiffike. Mutum ya tsuguna ya kalli ƙafar kaza mai hawa: yatsu uku na gaba suna shimfiɗuwa a kan katako ko su lanƙwasa su riƙe sanda, na bayan yana tokarewa, kuma ba ta ɗaga ƙafa ɗaya sai ta ji ɗayar ta zauna daram. Duk taku ɗaya tana bukatar abin kamawa. Ƙusa mai inci 1 da rabi ake amfani da ita, in tsininta ya ɓullo ta ƙasa a lanƙwashe shi, a kuma shafa hannu a bi kan kowace ƙusa a tabbatar ta nutse. Ƙusa ɗaya da ta ɗago ta isa ta huda tafin ƙafa, ƙwayar cuta ta shiga, ƙafar ta kumbura ta tara mugunya.

Wanda ba shi da kuɗin katako zai iya jera sandunan bedi ko gora guda huɗu ko biyar a tsaye, ya ɗaure wasu a gicciye da waya, ya juya bakin wayar ƙasa. Yana aiki, muddin ba manyan ramuka a tsakani. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne kwanon rufi da langa-langa. Santsi gare su, bakinsu na yanka, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, ƙarfen da ya sha rana zai ƙona ƙafar kaza. Ragar waya mai manyan ido tana kama farce, wasu kajin kuma in suna hango ƙasa ta ƙarƙashinsu sai su ja su tsaya. In mai walda ya riga ya yi tsanin ƙarfe, a shimfiɗa masa katako ko a naɗe shi da buhun algarara a ɗaure tamau. Buhun leda bai dace ba, yana tsinkewa zare-zare, zaren ya naɗe yatsa har ya tsinke shi.

Kuma kada tsani ya yi motsi. A danna shi da hannu a sama da tsakiya da ƙasa. In ya girgiza ko ya yi lilo, kaza za ta ji fiye da yadda hannu ya ji. A kafe kansa da hinji biyu ko ƙugiya biyu a bakin ƙofa, ya zo daidai da dokin ƙofar, ba tazara ba tudu. Ƙofar kanta ta kai inci 12 a faɗi da inci 14 a tsayi.

Idan katako ya gyaru, sai a sanar da kaji gidansu. Hanyar da aka sani ita ce a rufe su a cikin akurki kwana 3 zuwa 5 da abinci da ruwa, su saba da wurin, in an buɗe su da kansu za su nemi komawa. Wannan yana yi da hunturu ko tsakiyar damina. Amma a bazarar Katsina, rufe kaji da rana a ɗan akurki mai rufin kwano ganganci ne, za a iya wayar gari an yi asararsu saboda zafi. A irin wannan lokaci sai a kewaye gaban akurkin da raga ko zana, a yi ɗan fili mai inuwa wanda ba komai a cikinsa sai tsani da ruwa da abinci, su wuni a nan, su kwana a sama. A toshe ƙarƙashin akurkin da raga ko bulo na waɗannan kwanaki. Wannan toshewar tana da muhimmanci ƙwarai, domin muddin akwai lungu mai duhu a ƙasa, can za su zaɓa, kuma dare uku a wuri ɗaya ya isa ya zama musu al'ada. A kwashe turmi da tsohon kwando da duk abin da za su iya ɗarewa a kai.

Lokacin koyarwa bayan la'asar ne zuwa gab da magariba. A Katsina rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba da Disamba, ta kai wajen ƙarfe 7 a Yuni da Yuli. A fara kamar saura awa ɗaya. Kaji suna son cika maƙoƙo kafin su kwanta, don haka a ɗauke abincinsu tun bayan azahar, yunwa ta ɗan taɓa su. Ruwa kam ba a ɗauke shi ko na minti ɗaya. Sai a ɗebo gero ko tsakin masara cikin tafin hannu, a zuba 'yan ƙwayoyi a bayan kowane mataki, inda sandar za ta tare su kada su gangaro. Ranar farko a cika matakai uku ko huɗu na ƙasa, sama kuma a sa kaɗan. Za a ga kaza ta miƙa wuya ta tsince duk wanda bakinta ya kai ba tare da ta taka ba, sannan ta tsaya ta karkata kai tana kallon na gaba da ido ɗaya, can sai ta ɗora ƙafa. Wannan ɗora ƙafar ake nema. Washegari a bar matakan ƙasa ba komai, a fara daga na huɗu. Rana ta uku hatsin ya koma rabin sama da bakin ƙofa, mafi yawansa kuma a ciki. In ana samun gara, ta fi gero jan hankalinsu nesa ba kusa ba. A riƙa kaɗa hatsin a kwano ɗaya da kira iri ɗaya kullum, su haɗa wannan ƙara da hawa.

Kada a zuba da yawa. In aka cika ƙasan tsanin da hatsi, za su ƙoshi a nan su juya.

Akwai waɗanda hatsi kaɗai ba zai hawar da su ba, sai an sa hannu. A nan ne ake ɓata aikin, domin ana ɗaukar kaza ne cak a jefa ta cikin akurki. Wadda aka yi wa haka ta koyi kwana a ciki, amma ba ta koyi hanya ba, gobe ma za ta tsaya jiran mai ɗauka. Yadda ya kamata shi ne a kama ta da hannu biyu, an danne fikafikanta a jikinta, ba a rataye ta ta ƙafa ko ta fiffike ba, a ajiye ta a kan tsani saura mataki biyu ta kai ƙofa, fuskarta na kallon ciki. A bar hannu a bayanta don kada ta juyo, amma ban da turawa. Za ta yi ɗan jim, sannan ta taka ta shige. Daren gaba a ajiye ta a tsakiya. Na gaba da shi a mataki na biyu daga ƙasa. Daga sama ake farawa ana sauko da ita, saboda kowane dare tana ƙarasawa ne da ɓangaren da ta riga ta sani. Wannan aiki ya fi sauƙi idan duhu ya fara shiga, lokacin da jikinsu ya yi sanyi ba sa gudu. Kada a bar yara su bi su da gudu suna kora, kazar da aka firgita a gindin tsani za ta ɗauki wurin a matsayin wurin tsoro.

Ba sai an koya wa kowace ba. A lura da wadda ta fi ƙarfin hali, wadda take fara zuwa in an zuba abinci, a fi mayar da hankali a kanta. Kaji suna kwaikwayon juna, in biyu ko uku suka hau sauran za su bi. In akwai tsohuwar kaza a gidan da ta saba da tsani, ita ce babbar malama. Yawanci cikin dare 3 zuwa 7 an gama, wasu su kai mako biyu, sharaɗin dai kada a tsallake dare. In aka yi kwana biyu aka bar su suka kwana a ƙasa a na uku, an koma baya.

Duhu ma yana hana su. Idon kaza ba ya gani sosai da almuru, kuma a lokacin da tsakar gida ke da sauran haske, cikin akurki ya riga ya yi baƙi ƙirin. Sai ka ga ta hau har ƙofa, ta leƙa, ta juyo. A rataya ƙaramar tocila mai caji ko fitilar sola a ciki kafin magariba, a bar ta minti 20 zuwa 30, in sun shiga sun zauna a kashe. Aci-balbal da kyandir kada su kusanci akurki, ga ciyawa ga ɓuntu, gobara ba ta da wuya. In akwai ƙwan lantarki mai haske a tsakar gida kusa da wurin, a kashe shi a wannan lokaci, in ba haka ba a ƙarƙashinsa za su taru.

Saukowa ta fi hawa wuya ga wasu, don nauyinsu yana rinjaya gaba kuma suna hango tsayin. Da safe a buɗe ƙofa, a ajiye ruwa da abinci a gindin tsani inda za su gani, a jera hatsi daga sama zuwa ƙasa. Wasu za su yi tsalle daga ƙofa ko daga tsakiya. Ga kajin Hausa wannan ba komai ba ne. Ga kaji masu nauyi, dirowa daga ƙafa 3 a kan siminti kullum tana jawo ciwon ƙafa, don haka a zuba yashi ko ɓuntun shinkafa a wurin. In hantsi ya yi akwai wadda ba ta sauko ba, kada a ce yunwa za ta sauko da ita, ƙishirwa za ta riga yunwar illata ta. A ɗora ta a tsakiyar tsani tana kallon ƙasa, ta ƙarasa da kanta.

Irin kajin ma yana da tasiri. Kajin ƙwai irin Shika Brown, waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta samar, ko wasu ire-irensu da ake saya suna da mako 16 zuwa 18, yawanci a fili ɗaya shimfiɗaɗɗe ko a keji suka tashi, ba su taɓa hawa komai ba. Su suka fi bukatar haƙuri, kuma ya kamata su iya kafin su fara ƙwai, don in akwatin ƙwai yana sama su kuma ba su saba hawa da rana ba, a ƙasa za su riƙa zubarwa. Kajin Hausa da aka sayo a kasuwar Charanchi ko Mai'aduwa matsalarsu daban ce: sun iya hawa, amma reshen bedi da kan katanga suka sani. Su ɗan filin nan da aka kewaye sai an rufe samansa. In ya zama dole, a rage tsawon manyan gashin fiffike ɗaya da almakashi, ban da sabon gashi mai jini a gindi, tare da sanin cewa an rage mata ikon tsere wa muzuru da kare. Duk kazar da ta fito daga kasuwa kuma a ware ta aƙalla mako 2 kafin ta haɗu da na gida, musamman da hunturu lokacin da annobar kaji ke yawo.

Kajin nama na gidan gona, waɗanda ke haura kilo 2 cikin mako 6 zuwa 8, ba na ganin amfanin wahalar da su da tsani. Ƙafafunsu da ƙyar suke ɗaukar jikinsu a fili ma, a yi musu wurin kwana a ƙasa. Haka kaza mai 'yan tsaki. Uwar za ta hau tana kira, rabin 'ya'yan su bi, rabi su tsaya a ƙasa suna kuka, sanyin dare ko ɓera ya gama da su. A ajiye ta a ƙasa a wuri mai rufi har 'yan tsakin su kai mako 5 zuwa 6, gashi ya rufe su. Kafin lokacin, tun suna mako 2, a jingina musu ɗan guntun katako mai matakai a kan bulo ɗaya su riƙa wasa a kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, waɗanda suka tashi da wannan ba sa bukatar wata koyarwa daga baya.

Idan kuwa kaji sun saba hawa lafiya, rana ɗaya suka daina, kada a koma zuba gero, a shiga bincike. A je da tocila bayan isha'i a haska tsagogin katako da sandar da suke kwana a kai. Akwai kaskar kaji da wasu ƙananan ƙwari ja da ke ɓuya a tsaga da rana, su fito da dare su sha jini. A goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar, in ya fito da ɗigon jini to su ne. A fitar da shimfiɗar a ƙone, a kwarara tafasasshen ruwa a tsagogin, a nemi maganin feshi wurin malamin dabbobi, a maimaita bayan mako guda saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe. Fiya-fiya da maganin ƙwarin gona kada su taɓa jikin kaza. A tanadar musu toka da yashi a busasshen wuri su riƙa birgima. In ba ƙwari, a sa kai ciki a shaƙa: warin kashi mai yaji da ke sa ido hawaye, ko zafin da kwano ya tara tun rana, duk suna korar su, kuma maganinsu shara da buɗe tagogi masu raga a sama ta ɓangare biyu. A duba ko akwai ramin ɓera ko saɓar maciji. A tsaya kuma a kalli shigarsu da magariba, don wani lokaci babbar kaza ce ko zakara ke zama a bakin ƙofa yana saran duk wadda ta iso. Ana gyara wannan da ɗaga sandar kwana ta fi ƙofa tsayi, a nisanta ta da ƙofar, a ba kowace kaza wurin zama inci 8 zuwa 10 a kanta. In abin ya ƙi, a ware mai saran kwana uku.

In kaza ɗaya ce tak ta daina, a ɗauke ta a juya ƙafarta. Baƙin tabo a tsakiyar tafi tare da kumburi, ko ɓawon ƙafa da ya ɗaɗɗago ya yi kaushi, ko farce da ya karye, kowanne zai sa ta guji hawa. Wadda ke jan ƙafa ɗaya ko take zama a kan gwiwa, wannan ya wuce maganar tsani, a ware ta a kai ta asibitin dabbobi. Tsohuwar kaza da ƙafa ta gaza kuma a yi mata kwando ko ɗan akurkin ƙasa mai murfi, a tabbatar ana rufe shi kowane dare kamar yadda ake rufe na sama.